Keke, ayari da aikatau mai ƙarewa da -u: yadda ƴan kallo a Belbeji suka karɓi fim ɗin Hard Miles

Taƙaitawa

Wannan maƙala tana duba kalmomin da ƴan kallo a garin Belbeji, cikin ƙasar Damargu, suka yi amfani da su wajen yanke wa fim ɗin Amurka mai suna Hard Miles hukunci. Fim ɗin yana ba da labarin wasu kangararrun samari da malaminsu ya ɗora kan kekuna suka yi doguwar tafiya. Za mu nuna cewa ƴan kallon sun fahimci labarin sarai, amma sun sāke masa ma'auni: abin da fim ɗin ya ɗauka ƙoƙarin mutum ɗaya ne, su sun ɗauke shi aikin ayari. Wannan sauyi yana bayyana a cikin zaɓen kalmomi da siffar aikatau, kuma yana tona wani rauni da ke cikin fim ɗin kansa.

1. Gabatarwa

Masu nazarin sinima a ƙasarmu sun fi ba da ƙarfi ga abin da mai shirya fim ya nufa. Abin da ɗan kallo ya ce bayan an kashe na'ura ba kasafai ake rubuta shi ba, balle a tsaya a kan kalmomin da ya faɗe shi da su. Amma fim ba ya kammala sai a bakin masu kallonsa, musamman a wurin da ake kallo cikin taro, ana magana, ana gardama, ana ba ɗan wasa shawara kamar yana ji. A nan mai nazarin harshe yana da abin cewa, domin hukuncin da jama'a ke yankewa da aikatau da suna suke yanke shi.

Misalan da ke cikin wannan takarda mun ji su ne a zama biyu na kallo a Belbeji, lokacin hutu bayan girbi. Zama na farko a wata fada ta samari aka yi shi, ana dafa shayi. Na biyu a tsakar gidan danginmu, tare da dattawa da mata da yara. Fim ɗin da Ingilishi yake, saboda haka wani ƙanenmu mai koyar da Ingilishi a koleji shi ya riƙa fassara shi da baki, ana tsayar da hoto in magana ta yi yawa. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga jama'a, tun da sun saba da finafinan Indiya da ake juyawa zuwa Hausa a Kano, irin na kamfanin Algaita. Mun rubuta jimlolin yadda muka ji su, ba tare da sunayen masu su ba.

2. Labarin fim ɗin a taƙaice

R. J. Daniel Hanna ne ya shirya Hard Miles. An fara nuna shi a 2023, ya shiga gidajen sinima na Amurka a 2024. An gina shi kan aikin wani mutum na gaske, Greg Townsend, ma'aikaci a wata makarantar horon yara masu laifi da ake kira Ridge View, a jihar Kolorado. Matthew Modine ne ya fito a matsayinsa. A cikin labarin, malamin yana koya wa yaran walda, suna ƙera jikin kekunansu da hannunsu, sa'an nan ya ɗebi huɗu daga cikinsu su kama hanya zuwa babban kwazazzabon nan na jihar Arizona da ake kira Grand Canyon. Nisan tafiyar mil 762 ne, wato fiye da kilomita 1.200, abin da ya ɗara nisan Yamai zuwa Damagaram da kimanin kilomita 300. Wata abokiyar aikinsa tana biye da su a mota da ruwa da abinci. A gefe guda kuma akwai labari na biyu: mahaifin malamin, wanda ya gallaza masa yana yaro, yana kwance a gidan jinyar masu jiran ajali, ɗan'uwansa yana kurkuku yana ta bugo masa waya ya je ya gan shi, shi kuwa yana ta ja da baya.

Ginin fim ɗin sananne ne. Yara masu taurin kai, malami mai tsanani wanda shi ma yake da nasa tabon, hawan tudu mai wuya, rikici a tsakiyar hanya, sa'an nan isa. A Amurka ana sa irinsa cikin rukunin finafinan ƙarfafa gwiwa, kuma masu sha'awar tseren keke sun karɓe shi hannu biyu. Tambayarmu ita ce: wane rukuni aka sa shi a Belbeji?

3. Wane irin fim ne?

Ba a yi rubu'in awa ba da farawa, wani saurayi a fada ya ce:

(1) Wannan ai fim ɗin furoje ne.

Sauran suka yi dariya, ba wanda ya musa. Kalmar furoje, daga projet na Faransanci, ta daɗe da zama Bahaushiya a Nijar, kuma ma'anarta ta wuce ta asali. Tana nufin duk wani aiki da ya zo daga waje da mota da takarda da wa'adi, ya yi abin da zai yi ya tafi. Fim ɗin furoje kuwa shi ne fim ɗin faɗakarwa, wanda tun daga farkonsa an san darasin da zai ƙare da shi: allurar riga-kafi, sa ƴaƴa mata lakwal, tsabtar ruwa. Jama'armu sun daɗe da sanin wannan nau'i. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan Kano, ya yi bayanin majigi, sinimar tafi-da-gidanka ta zamanin Turawan Ingila wadda aikinta koyarwa ne, dabam da sinimar kasuwa ta nishaɗi. A wannan ɓangare na iyaka, ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant, da aka kafa a 2001, ta zagaya ƙauyuka da dama da tsari makamancin haka: fim ɗin ban dariya, fim ɗin faɗakarwa, muhawara, sa'an nan babban fim.

Abin lura shi ne Hausa ba ta da suna guda da ya yi daidai da rukunin da Amurkawa suka sa fim ɗin. Mai fassararmu ya gwada mai ƙarfafa gwiwa, ya gwada mai zaburarwa, amma waɗannan siffantawa ne, ba sunan rukuni ba. Rukunan da samari suka sani su ne na faɗa, na soyayya, na ban dariya, na tarihi da na faɗakarwa. Tun da ba a harbi kowa ba, ba a kuma nemi auren kowa ba, sai fim ɗin ya faɗa rukuni na ƙarshe. Sakamakon haka yana da girma. Wanda ya zauna kallon fim ɗin ƙarfafa gwiwa ya shirya zuciyarsa ta motsu. Wanda ya zauna kallon fim ɗin furoje kuwa ya shirya ne ya auna: me ake so in yi, kuma wa zai biya? Da wannan kunne aka saurari sauran labarin.

4. Keke, wahala da tafiya

4.1. Keke

Hausa ta ari sunan wannan abin hawa fiye da sau ɗaya: keke daga Yarabanci, basukur daga Ingilishi, ga kuma kirarin dokin ƙarfe, ƴan lakwal sukan ce vélo kai tsaye. Amma yawan suna bai ba shi daraja a Damargu ba. Belbeji, wanda ya zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire shi daga Tanut, yana cikin kwarin Tarka, yamma da titin kwalta da ya tashi daga Damagaram ya bi ta Tanut zuwa Agadas. Ƙasar rairayi ce da ƙaya da ƙarangiya. Keke a nan yakan nutse, taya takan yi faci, mai shi ya ƙare da turawa. Abin hawan aiki shi ne jaki da amalanke da raƙumi. Abin hawan burin saurayi shi ne babur. Keke na yaro ne, ko na wanda bai kai ga babur ba. Wasu sun taɓa ganin tseren Tour du Faso a talabijin, wanda ake yi a Burkina Faso tun 1987, sun san cewa akwai masu hawan keke don gasa. Duk da haka, ganin babban mutum mai albashi da mota ya sa matsattsen wando ya hau keke don ra'ayin kansa ya jawo raha mai yawa, musamman wurin mata.

4.2. Wahala

Ƙashin bayan fim ɗin shi ne cewa wahalar da mutum ya zaɓa da kansa tana wanke shi. A nan ne aka fara samun saɓani na ma'ana. A Hausa wahala shan ta ake yi, kamar magani ko rana. Tana samun mutum, ba ya nemanta. Ana yaba wanda ya jure ta, ana ce masa sannu, amma wanda ya tafi nemanta ba tare da dalili ba sai a tambayi hankalinsa. Ga abin da muka ji:

(2) In sun isa, mi za a ba su?
(3) Wannan wahalar mai ƙoshi ce.

Jimla ta (2) ta fito a zaman biyu duka, daga bakin mutane dabam. Da aka ce ba a ba su komai, kallon kwazazzabo kawai za su yi su komo, wani dattijo ya ce to ai yawo ne, ba tafiya ba. Wannan bambanci yana da tushe a harshe. Tafiya tana da maƙasudi: fatauci, ci-rani, neman ilimi, aikin hajji, zumunci. Yawo ba shi da shi, shi ya sa ake cewa yawon banza, yawon duniya, kuma ɗan yawo ba yabo ba ne. Ga dattijon, an ɗauki yaran da laifinsu yawo ne an ba su ƙarin yawo a matsayin magani.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nisan ne ya ba mutane mamaki. Samarin Damargu sun san doguwar hanya fiye da yaran fim ɗin. Da yawa daga cikin mazauna fadar sun je Agadas, wasu sun je Libiya ko Aljeriya, wasu sun je haƙar zinariya a Jado bayan da aka gano ta a 2014. Kowa a jihar yana tune da mutane 92, akasari mata da yara daga yankin Kance, da aka tsinci gawarwakinsu a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, bayan motocinsu sun lalace. Ga wanda ya san wannan, ƙishirwar da ake yi alhali mota cike da ruwa tana biye da kai ba ta cika sunanta ba. Wannan shi ne ma'anar jimla ta (3).

4.3. Ayari

Amma akwai wurin da raha ta tsaya, aka yi tsit. Shi ne inda malamin ke koya wa yaran tafiya a jere, kowa dab da bayan ɗan'uwansa, na gaba yana tare wa na baya iska, in ya gaji ya koma baya wani ya karɓa. Masana tseren keke suna cewa na baya yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Faransanci na kiran wannan jeri peloton. Mai fassararmu ya tsaya neman kalma, sai wani daga cikin dattawan ya ba shi ita:

(4) Ayari ke nan. Shi ne madugu.

Daga nan fim ɗin ya samu gida. Damargu tsohuwar hanyar ayari ce tsakanin Kano da Damagaram da Agadas har zuwa Gat da Tarabulus, kuma rumbun geron da Abzinawa ke ɗauka su kai Bilma da Fashi su musanya da gishiri da dabino. A nan Damargu ne, cikin Janairun 1851, Heinrich Barth da abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, suka rabu bayan sun sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri. Kalmomin wannan sana'a suna nan da rai a bakin mutane: madugu, jagaba, zango, guzuri, fatake. Da aka sa wa malamin rawanin madugu, tsananinsa ya zama abin fahimta, domin madugu ba ya lallashi. In ya ce a tashi, a tashi. Yaron da ya ƙi bin jeri kuwa ba a ƙara kallonsa a matsayin mai neman ƴancin kansa ba, sai mai jefa ayari cikin hatsari.

5. Wa ke gyara wa?

Yanzu mun iso ga abin da ya fi jan hankalinmu ta fuskar nahawu. Maganganun malamin a cikin fim ɗin suna komawa ne kan abu ɗaya: ba mai taka maka feda, kai za ka zaɓi ko ka ci gaba ko ka tsaya, kai za ka sauya rayuwarka. A Ingilishi, haka ma a Faransanci (se reprendre, se prendre en main), yaron shi ne mai aikatawa kuma shi ne abin aikatawa. Da mai fassara ya juya wannan da kowa ya yi ta kansa, sai fada ta fashe da dariya, domin a Hausa ana yin ta kai ne in ayari ya watse, in gobara ta tashi ko ƴan fashi sun faɗo. Ya gyara ya ce dogaro da kai, wani ya amsa masa da cewa wannan ma maganar furoje ce. Ga kuma yadda ƴan kallon da kansu suka siffanta sauyin da suke gani a yaran:

(5) Wannan ya fara gyaruwa.
(6) Wancan ba ya tanƙwaruwa.
(7) Yanzu kam sun horu.
(8) Allah ya sa su shiryu.

Aikatau huɗun duka siffa ɗaya gare su. A cikin rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai a 1960, waɗannan suna aji na bakwai: suna ƙarewa da -u, karin sautinsu ƙasa-sama, kuma ba sa ɗaukar karɓau. Daga gyara aka samu gyaru, daga tanƙwara aka samu tanƙwaru, daga hora horu, daga shirya shiryu. Sunan da ke gaban irin wannan aikatau shi ne wanda aikin ya faɗa wa, kuma ya faɗa masa sosai: nama ya gasu, magana ta faɗu, gida ya ginu. In aka sa shi cikin lokaci mai ci, da ɗafin -uwa, sai ya ba da ma'anar yiwuwa: mota tana gyaruwa, wato ana iya gyara ta, dutse ba ya fasuwa. Jimla ta (6) tana tuna mana karin maganar nan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro a nan icce ne a hannun wani: uwaye, malami, dangi, kuma a bisa kowa Allah, wanda shi ne mai shiryarwa a jimla ta (8).

Sunan da ake ba yaran ma yana cikin wannan tsari. Kangararre siffa ce irin ta gyararre, lalatacce, shiryayye, wato wadda ke nuna halin da abu ya riga ya shiga ya zauna. Ba ta tambayar abin da yaron ya aikata. Tana faɗin abin da ya zama.

Wajibi ne mu yi taka-tsantsan a nan. Ba muna cewa nahawun Hausa ya hana Bahaushe tunanin mutum mai gyara kansa ba. Wannan zai zama komawa ga tsohon ra'ayin da ke ɗaure tunani da igiyar harshe. Hausa tana da ya yi wa kansa faɗa, ya kama kansa, ya san ciwon kansa, ya shiga taitayinsa, ya tuba. Haka kuma aji na bakwai ba kullum yake mayar da mutum abin aikatawa kawai ba: wanda ya karantu, ko ya gogu, ko ya himmatu, da ƙoƙarinsa a ciki. Jimla ta (7) ma tana da fuska biyu, domin horu yana nufin an ladabtu, yana kuma nufin an ƙware. Abin da muke cewa shi ne harshen ya ba masu magana hanya biyu, su kuwa a gaban wannan fim sun fi bin ɗaya. Kuma mun lura da wani bambanci: dattawa da mata su suka fi yawan aji na bakwai, yayin da jimlar ya san ciwon kansa a fada kaɗai muka ji ta, daga bakin samari, game da yaron da ya fi kowa taurin kai.

Wannan zaɓe yana da alheri, yana da haɗari. Alherinsa shi ne ba a barin yaro da nauyin kansa shi kaɗai. In bai gyaru ba, ana tambayar masu gyaran. Haɗarinsa shi ne abin da ake tanƙwarawa ana iya karya shi. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda a Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, daga wani gida a unguwar Rigasa. Da yawansu danginsu ne suka kai su da kansu don a gyara su. Wata tsohuwa a zamanmu na biyu ta ce da nata ne, da gidan mari ta kai su, ba yawon keke ba. Ba wanda ya tanka mata cikin manya. Samarin da ke tsaye a bakin zaure ne suka yi gunaguni.

6. Kangararre na biyar

Wurin da muhawara ta fi zafi ba kan yaran ba ne. Kan malamin ne da mahaifinsa. Fim ɗin ya tsara wannan labari ne domin ɗan kallo ya tausaya wa malamin: an nuna dukan da ya sha yana yaro, an nuna cewa jinkirinsa ciwo ne da bai warke ba. A tsakar gida ba a karɓi wannan uzuri ba ko kaɗan. Duk lokacin da waya ta yi ƙara ya ƙi kulawa, sai a ji salati. Wata inna ta ce:

(9) Shi wa zai gyara shi? Ai shi ne babban kangararren.

Ga masu wannan ra'ayi, mutumin da ubansa ke gargara ya hau keke ya nufi wani wuri dabam ba shi da bakin yi wa ɗan wani faɗa. Albarkar uwaye ita ce guzurin madugu. Wanda ba shi da ita, ayarinsa abin tsoro ne. A fada kuwa an rabu biyu. Wasu sun bi ra'ayin manya. Wasu sun yi shiru, sa'an nan ɗaya ya ce akwai uban da ganinsa sai an daure, kuma ba a ce masa ya yi ƙarya ba. A ganinmu wannan ɗan gajeren shiru shi ne babban abin da fim ɗin ya cim ma a Belbeji. Ya buɗe ƙofar wata magana da ba ta da wurin faɗa a gaban manya, kuma ya buɗe ta ne ta labarin da masu shirya shi suka ɗauka na gefe.

7. Abin da fim ɗin ya tsallake

Ƴan kallonmu sun ga wani abu da ya kamata mai sharhi ya gani. Hard Miles yana faɗin abu biyu da ba su jitu ba. Bakinsa yana cewa kowa da ƙafarsa yake taka feda. Hotonsa yana nuna cewa ba wanda ya isa shi kaɗai, sai da jeri, da mota a baya, da mai shagon kekuna da ya taimaka, da hukumar da ta sa hannu. Hoton ya fi bakin gaskiya, kuma shi jama'a suka ɗauka.

Sa'an nan akwai tambayar da samari suka yi ta maimaitawa bayan an gama: kekunan za a bar musu? Waldar da suka koya, za su buɗe gareji da ita? Wurin da aka nuna ana walda shi ne suka nemi a maido musu su sāke gani, ba wurin kwazazzabo ba. Fim ɗin ya mai da sana'a share fagen tafiya, su kuwa sun ga tafiyar ce ta katse sana'a. Labarin ya ƙare a bakin kwazazzabo, inda kiɗa ya tashi. Bai bi yaran zuwa ranar da za su koma unguwarsu ba. Ita kanta makarantar Ridge View ta daina aiki a 2021, bayan hukumomin jihar Kolorado sun janye yaran da ke cikinta, wato shekara biyu kafin fim ɗin ya fito.

A nan kwatanci da wani fim na gida yana da amfani. A 2021 Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da Zinder, fim na gaskiya da Hausa a kan samarin palais na unguwar Kara-Kara, tsohuwar unguwar kutare. Su ma suna horar da jikinsu, da ɗaga ƙarfe maimakon keke. Amma a can horon jiki bai wanke kowa ba. Wasu suna fafutukar kafa kamfanin gadi da ƙwanjin da suka tara, wani tsohon shugaban palais ya koma haya da babur yana fama da tunanin abin da ya aikata, wasu suna fasa-ƙwaurin man fetur daga iyakar Nijeriya, alhali matatar SORAZ tana aiki tun 2011 a kan hanyar Tanut. Macky ta fara ne daga inda Hanna ya tsaya, wato daga tambayar (2): in sun isa, mi za a ba su? Haka nan Adeline Masquelier, a littafinta na 2019 kan fada a Nijar, ta nuna cewa zaman shayin da ake kira zaman kashe wando jira ne na aikin da bai zo ba, kuma samari suna cika shi da tsari da dokoki nasu. Masu jira irin wannan ba ƙwarin gwiwa suka rasa ba.

Ba mu ce fim ɗin banza ne ba. Wasan Modine yana da nutsuwa, yaran huɗu ba a mai da su waliyyai ba, kuma wuraren tafiya a jere an ɗauke su da kyau har mutumin da bai taɓa ganin tsere ba ya gane dabarar. Rauninsa na rukuninsa ne: yana sayar da isa a matsayin warkewa.

8. Kammalawa

Mun ga cewa ƴan kallo a Belbeji sun sa Hard Miles cikin finafinan furoje, sun ƙi karɓar wahalar ganin dama a matsayin magani, sun karɓi jerin kekuna da sunan ayari, sun siffanta sauyin yaran da aikatau na aji bakwai, kuma sun juya tuhumar kangara kan malamin. Ba rashin fahimta ne ya kawo wannan ba. Karatu ne na biyu, wanda a wurare da dama ya fi na farko kaifi.

Abu biyu muke ba da shawara a kai. Na farko ga masu fassara da masu aikin faɗakar da matasa: kafin a juya maganar sauya hali zuwa Hausa, a duba wane ne mai aikatawa a cikin jimlar, domin yi ta kanka da san ciwon kanka ba abu ɗaya suke faɗa ba, haka ma gyara shi da ya gyaru. Na biyu ga ɗalibanmu: a ɗauki maganar ƴan kallo da na'ura, a fada da tsakar gida, a Tanut da Damagaram da Maradi, a kuma gwada da masu jin Tamajak da Fulatanci da ke zaune tare da Hausawa a kwarin Tarka, a ga ko rabon da muka lura da shi tsakanin manya da samari wajen amfani da aji na bakwai yana tabbata. Fim ɗin Zinder zai dace da wannan aiki fiye da kowane, tun da shi ba ya bukatar mai fassara.